Shekarar da Na Ɓoye Tafiyar Shirwa

Kyamarar da na fara ɗaukar tsuntsaye da ita ta hannu ce. A kasuwar Black Market na saye ta, cikin unguwar Adjamé, wurin wani mutum mai sayar da wayoyi da rediyoyin mota. Dogon gilashinta yana da tabo a gefe guda, saboda haka duk hoton da na ɗauka ina fuskantar rana sai kusurwarsa ta hagu ta fito dishi-dishi. Dole na koyi juya wa rana baya. Ina aiki a wani ofishin fitar da kaya a Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa, kuma tsakanin sallar asuba da buɗe ofis akwai kusan sa'a biyu da ba na kowa ba ne. A bakin lagun nake yin su, wato babban ruwan nan da ya raba Abidjan gida biyu.

Ba a yarda a ɗauki hoto a cikin tashar ba, don haka nakan tsaya daga waje, wurin da mata ke gyaran kifi suna watsa hanji cikin ruwa. Nan balbela ke taruwa, fara tas a kan ƙazantar da mutum ba zai taka ba. Akwai zalɓe guda da yakan tsaya a kan wani karyayyen kwalekwale har na gaji da jiransa ya motsa. Akwai hankaki, akwai kuma wani baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya da ke shanya fikafikansa a kan turaku bayan ya yi nutso, wanda har yau ban san sunansa da Hausa ba. Sunayen da na sani da farko na Faransanci ne, daga wani littafi. Na Hausa mahaifina ne ya ba ni su ɗaya bayan ɗaya, yana dariyar yadda nake furta su.

Amma tsuntsun da ya fi cika katin kyamarata shirwa ce. Daga nesa launinta ɗaya, ruwan ƙasa, ba abin kallo. Sai gilashi ya jawo ta kusa ake ganin gashin wuyanta yana da siraran zane baƙaƙe, bakinta da ƙafafunta rawaya, bindinta kuma a tsage kamar an sa almakashi. Da bindin take tuƙi. Takan tsaya cak a iska, fikafikai a buɗe, bindi yana karkata hagu da dama, sannan ta kawo sura ta ɗauke hanjin kifi daga fuskar ruwa ba tare da ta jiƙa ƙirji ba. A sama take ci, ta sunkuyar da kai zuwa ƙafa tana tafiya.

Mahaifina ya zo Abidjan yana saurayi, a bayan motar goro, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Daga goro ya koma shigo da shinkafa da tayoyin mota ta tashar jiragen ruwa. Ya auri mahaifiyata, wadda aka haifa a Treichville, ya zauna da ita a Williamsville, a gidan da muke tarayyar tsakar gida da wasu iyalai huɗu. Duk tsawon zamansa bai taɓa barin shuka ta wuce shi a ƙauyensu ba. Ƙanensa ne ke noma gonar, amma irin farko da hannunsa yake zubawa, ya yi mako biyu ko uku, ya dawo.

Yadda yake sanin lokacin tafiya, tsofaffin fataken da ya tarar a Treichville ne suka koya masa. A zamaninsu wasiƙa takan yi wata guda a hanya, kafin a rubuto maka cewa hadari ya fara haɗuwa, gero ya riga ya tsiro. Sai suka lura da shirwa. Tana saukowa bakin teku idan damina ta ƙare a arewa, ta yi rani a nan, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, sannan ta bi ruwa ta koma arewa. Ranar da ka ɗaga kai a wajen masu kifi ka ga sama ta yi fili, sai ka ɗaure kayanka. Waya ta zo, kowa ya daina duban sama, ban da shi.

Yana da aboki, Bazazzagi, tsohon abokin cinikinsa, wanda nake kira Baffa. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo gidanmu, kuma duk shekara sai ya yi masa tsiyar nan.

"Bakano, ga waya a aljihunka, amma sai ka tambayi tsuntsu? Ko kuɗin kiran ne kake jin ciwonsa?"

"Waya tana faɗa maka an yi ruwa jiya," in ji mahaifina. "Shirwa tana faɗa maka za a yi. Amma ina Bazazzagi zai gane, ku da sai kun jiƙe kuke sanin hadari ya taso."

Ciwon suga ne ya fara cin idon mahaifina. Da farko rubutu ya ɓace masa, sannan fuskoki, har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Daga baya ya taɓa ƙoda. Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, wanda a nan kowa ke ce wa diyaliz, sau biyu a mako. Ni nake kai shi a woro-woro, ƙananan tasin nan na haɗaka, in riƙe masa gwiwar hannu wajen hawa da sauka. A shekarar farko ya haƙura, bai je shuka ba. Na ga yadda ya yi wannan daminar a kan kujera a bakin ƙofa, yana sauraron ruwan Abidjan yana dukan kwano, ruwan da ba ya shuka masa komai.

A shekara ta biyu, tsakiyar rani, wata Juma'a Baffa yana nan, mahaifina ya ce bana zai tafi. Bai ɗaga murya ba. Mahaifiyata tana tsaye a bakin ɗaki da butar shayi.

"Alhaji, injin fa?"

"Akwai inji a Kano."

"Akwai a birni. Daga ƙauyenku sa'a nawa ne? Wa zai riƙa kai ka? Ni ka faɗa min gaskiya, ba zuwa za ka yi ka dawo ba."

Bai musa ba. Likita ya riga ya faɗa mana a fili cewa idan aka daina wankin, makonni ne, ba watanni ba. Bayan layinmu kaɗan akwai babbar maƙabartar Williamsville, inda iyayen mahaifiyata suke kwance. Takan bi ta gefen katangar idan za ta kasuwa, ta yi musu addu'a tana tafiya. A nan take so a sa shi idan lokaci ya yi, kuma tana so lokacin ya yi nisa. Shi kuma ya ce garin nan ya ci ƙuruciyarsa da ƙarfinsa da idonsa, ya yafe, amma bai yi alƙawarin ba shi gawarsa ba.

Baffa ya yi ƙoƙarin sa wasa a ciki, ya ce ai ƙasar Kano ma ba ta rasa Kanawa ba, ba ta matsu da ƙarin ɗaya ba. Babu wanda ya yi dariya. Mahaifiyata ta ajiye butar ta zauna a ƙasa, abin da ba ta saba yi gaban baƙo ba. Aka daɗe ana magana. A ƙarshe mahaifina ya ce:

"To, ga abin da zan iya. Muddin shirwa tana garin nan, ina nan, kuma zan je injin nasu duk ranar da suka ce, ba gardama. Ranar da ta tashi, na tashi." Ya juyo wajen da ya ji numfashina. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, mai hoto. Kai ne idona."

Daga ranar muka sami wata al'ada. Kullum bayan la'asar, idan na dawo daga aiki, sai in zauna kusa da kujerarsa in kunna kyamara. Yakan karɓe ta ya kawo ta dab da fuskarsa, ya ga hasken gilashin kawai, ya miƙo min. "Faɗa min abin da ke ciki." Sai in faɗa masa. Ba ya son a ce masa tsuntsu yana da kyau. Yana so ya ji guda nawa ne, ina suka fuskanta, me ke ƙafarsu, wace ce ta kori wace. Idan na ce ruwan ƙasa sai ya ce wace ƙasar, jar ƙasa ko ta fadama. A wurinsa na koyi duban hotunan da ni na ɗauka. Na tambaye shi ko ba ya jin kukansu daga nan, tunda wasu suna kwana a itatuwan maƙabarta. Ya ce da farkon rani yana ji, lokacin da suke neman juna, amma shirwa ba ta kuka sai da dalili, idan ta gama kiwon 'ya'ya shiru take yi.

Ruwan farko na babbar damina ya sauka a Abidjan. Cikin kwanaki kaɗan na ga sama tana raguwa. Inda nake ƙirga hamsin in gaji, sai na ƙirga ashirin, sannan goma sha biyu. Na faɗa masa kowace rana yadda take, mahaifiyata tana ji daga madafa.

Ranar da na ce bakwai, ta kira ni bayan ya shiga alwala. Tana turara acheke, garin rogon nan da muka tashi da shi, ba ta dube ni ba.

"Gobe nawa za ka ce?"

"Abin da na gani, Inna."

"Tsuntsu ne fa. Ba shaida aka kira ka ka bayar gaban alƙali ba." Ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya rufe mata fuska. "Wata ɗaya nake roƙo. In shuka ta wuce, ba shi da abin da zai je yi, sai baɗi. Baɗi kuma Allah ne ya san mai rai. Wata ɗaya. Ubanka ne."

Na yarda. Ba ta matsa min ba bayan wannan, kuma ba zan ce ta tilasta ni ba. Ni ma ina so ya zauna.

Matsalar ita ce ban iya ƙirƙira ba. Na gwada a cikin woro-woro a hanyar dawowa, ina tsara abin da zan ce, na ga duk tambaya ta biyu za ta kayar da ni. Abin da na iya shi ne in faɗi abin da ke gabana. Saboda haka a ofis na buɗe kwamfuta, na koma kan hotunan da na ɗauka a watan Disamba, lokacin da sama take cike, na kwafi talatin a kan katin kyamara. Na ce a raina ai ba ƙarya zan yi a kan hoton ba. Duk abin da zan faɗa yana ciki.

Ranar farko na ce masa sun ƙaru, wataƙila wasu sun taso daga gabas. Na kwatanta masa goma sha takwas suna shawagi a kan rufin wani sito. Ya ce to. Ranar biyu na ba shi biyu suna faɗa a iska, ɗaya ta juya ciki sama ta miƙa farata. Ya ce to, ya tambayi launin bakinsu, na ce rawaya, duka biyun. Ranar uku da ta huɗu haka. Ya je injinsa bai yi gardama ba. Mahaifiyata ta soya masa kifin da likita ya yarda ya ci, har na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa da Julanci, yaren 'yan kasuwar garin nan. A bakin lagun kuwa, da safe, abin da nake gani uku ne, wata rana huɗu, ban ma ɗaga kyamara ba.

A rana ta biyar na zo kan hoton da ya fi duk wanda na taɓa ɗauka. Na san shi ya sa na sa shi a cikin talatin ɗin. Shirwa ce guda, ta taso daga bayan wani sito, rana tana bayana, haske ya kama ta daga ƙasa har ana iya ƙirga gashin fiffike ɗaya-ɗaya. Na kwatanta masa ita da jin daɗi, na manta ma ƙarya nake yi.

"Fikafikan, babu giɓi?" ya ce.

"Babu, Baba. Cikakku ne, dogayen gashin bakin fiffike a ware kamar yatsu."

"Bindin?"

"Tsaf. Ko tsinke ɗaya bai karye ba."

"Me ke ƙafarta?"

"Ƙirare ne, dogo, ya fi jikinta tsawo. Akwai kuma ɗan yankin leda shuɗi a maƙale da shi."

Maƙwabciyarmu tana kwashe shanya saboda hadari, ya bari har ta shige ɗakinta.

"Shirwar da ke ɗaukar ƙirare yanzu," ya ce, "wa za ta gina wa?"

Ya ci gaba a hankali, kamar yadda yake bayanin takardar kaya ga sabon ɗan kasuwa. Ya ce shirwa da farkon rani take gini, lokacin gashinta sabo ne. Zuwa yanzu ta yi kwanci, ta yi kiwo, gashinta ya ƙoƙe, ta fara zubar da shi, babu babbar shirwar da za ka gani ba giɓi a fiffike. Kuma a wannan lokaci kusan rabin abin da ke sama 'ya'yan bana ne, bakinsu baƙi, ƙirjinsu da fari-fari. Ya ce kwana biyar ina ba shi shirwa, ban ba shi mai baƙin baki ko ɗaya ba. Tun rana ta biyu ya yi shakka, amma ya ce wataƙila idona ne bai kai ba.

"Wannan ta wane wata ce?"

"Disamba."

"Ta yi kyau kuwa?"

"Ta yi, Baba."

"Uwarka ce ta sa ka."

"Ni na yarda."

"Ban tambaye ka wanda ya yarda ba." Ya laluba ya sami gwiwata, ya ɗora hannu a kai. Hannun ya kumbura, washegari ne ranar injinsa. "Kada ka ce mata komai. Tana da gaskiyarta. Ni kuma na yi alƙawari, ban ce sai sun kai goma ba. In akwai ko ɗaya, ina nan. Amma ɗaya ta yau nake so, ba ta Disamba ba. Nawa ka gani da safe?"

"Uku."

"To uku. Gobe ka ɗauko min su."

Ban taɓa ɗaukar hoto irin na kwanakin da suka biyo baya ba. Da can ina neman haske mai kyau da tsuntsu mai kyau. Yanzu kowace shirwa kwana ɗaya ce a rayuwar mahaifina, ko da ɗigo ce baƙi a kusurwar hoto. Nakan fita kafin gari ya gama wayewa, in tsaya a wajen masu kifi da leda a kan kyamara saboda yayyafi. Matan sun san ni, ɗayarsu ta tambaye ni me ya sa na daina gaisuwa da fara'a. Na ce mahaifina ba lafiya. Ta ce yako, kalmar jajen garin nan, ta watsa hanji da nisa cikin ruwa don tsuntsayen su sauko kusa da ni.

Uku suka koma biyu, babba da ƙaramar da nake zaton 'yarta ce. A kansu na ga duk abin da ya faɗa. Ƙaramar bakinta baƙi, ƙirjinta da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa mata gari, kuma ba ta iya sura ba tukuna, sau uku tana kawowa tana tashi da ƙafa wayam. Babbar kuwa ta ƙoƙe, launinta ya koma na tsohon buhu, gashi biyu sun fita a fiffiken dama, ɗaya a na hagu, tsagin bindin ya kusa shafewa. Shekara uku ina ɗaukar shirwa, ban taɓa lura da wannan ba, domin da na ga tsuntsu ya yi yagal-yagal ba na ɓata masa kati.

Sai ƙaramar ta tafi, babbar ta rage. Kwana tara ta yi ita kaɗai. Takan zauna a kan wani dogon ƙarfen fitila a bayan katangar tashar, ta takure cikin ruwan sama, hankaki suna tsokanarta. Kullum in kawo ta gida, kullum mahaifina ya tambayi giɓin fiffiken. A rana ta shida na ga sabon gashi ya fara leƙowa a cikin giɓin dama, gajere, ya fi sauran duhu. Na yi tunanin in bar wannan, sannan na faɗa masa. Ya ce, "To, tana shiri." Mahaifiyata ta lura lissafin ya sauko daga goma sha takwas zuwa ɗaya. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta daina waƙa kawai.

A rana ta goma ƙarfen fitilar babu kowa. Na jira har lokacin ofis ya wuce. Na nemi izini, na bi bakin lagun da ƙafa har gindin gada. Littafina ya ce wasu 'yan kaɗan sukan yi damina a bakin teku, don haka na hau mota zuwa mayanka, inda ba a rasa su da rani. Balbela kawai na tarar. Da la'asar na ce masa ban gama dubawa ba, ya ba ni gobe. Ya ce ya ba ni. Washegari na zagaya itatuwan maƙabarta, na je kasuwar Adjamé wajen mahauta, na hau saman wani bene na duba ko'ina da dogon gilashi har idona ya yi ruwa. Sau biyu na hango hankaka na zaci shirwa ce.

Na dawo gida a jiƙe. Yana kan kujerarsa, mahaifiyata tana tsintar shinkafa a tire kusa da shi. Ban kunna kyamara ba.

"Sun tafi, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, a hankali. Mahaifiyata ta ci gaba da tsintar shinkafa har ta gama, ta tashi, ta tsaya a kaina.

"To. Ka yi aikinka," ta ce, ta shige.

Kwana biyu ba ta yi min magana ba. Abincina yana nan a rufe inda aka saba ajiyewa. A rana ta uku, Juma'a ce, Baffa yana nan ana maganar jirgi, domin likita ya ce in dai za a tafi to a tafi ta sama, washegarin wanki. Ta leƙo ta ce in sauko mata da babban akwati daga kan kabad. Na ce na Baba na riga na sauko da shi. Ta ce ba nasa take nufi ba.

Mahaifiyata sau biyu ta taɓa zuwa ƙauyen nan a rayuwarta, ba ta taɓa yin mako guda a can ba. Baffa ya gyara zama. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Hajiya, kin san in abin ya faru a can, a can za ki yi takaba? Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da ba naki ba, cikin mutanen da ba ki sani ba."

"Na sani tun kafin ka sani, Malam."

Mahaifina ya buɗe baki, ta ce, "Alhaji, kai ka yi naka, ban hana ba a ƙarshe. Bar ni in yi nawa."

Mu uku muka tafi. Baffa ya raka mu filin jirgi, ya riƙe hannun abokinsa ya daɗe, ya ce Bakano ko a nan ma sai da ka riga ni, don dai kada a ce Bazazzagi ya fi ka sauri. Mahaifina ya ce ya yafe masa duk goron da ya ci masa. Suka yi dariya su biyu, Baffa ya juya da sauri ya tafi.

Mun tarar an yi ruwa ɗaya a ƙauyen, ana jiran na shuka. Ya sauka kwana uku bayan isarmu. Da safe aka ɗauki mahaifina a kujera zuwa gona. Ƙanensa yana gaba yana sara da sungumi, ni da wani ɗan'uwanmu muna riƙe da mahaifina ta kafaɗu, yana zuba gero a rami yana rufewa da diddige. Ya yi rami goma sha ɗaya, ya ce a zaunar da shi. Ya ɗebi ƙasa mai laima ya riƙe a hannu.

A kan tsamiyar da ke bakin gonar na ga wasu manyan tsuntsaye da ban taɓa gani ba, suna tsaye a kan sheƙa, mutane suna wucewa ta ƙarƙashinsu ba su damu ba. Na jawo ɗaya da gilashi, na fara faɗa masa ba tare da ya tambaya ba. Baƙa ce, amma inda rana ta taɓa bayanta yana walƙiya kore da shunayya. Cikinta fari. Fatar fuskarta shuɗiya, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafu dogaye masu toka-toka, gwiwa da yatsu jajaye.

"Ba ka san ta ba?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba."

"Shamuwa ke nan. Ba ta zuwa wajenku." Ya ɗan yi murmushi. "Ɗauke ta da kyau. Kada ka matsa kusa, tana da ƙwai."

Ƙanensa ya shirya mota ta kai shi birni wajen inji. Mahaifina ya ce a bari sai jibi, jibi ta zo ya ce a bari. Babu wanda ya ƙara tayar da maganar. Ya yi kwana goma sha shida a gida. Kwanakin ƙarshe barci ya fi yawa, mahaifiyata tana zaune a gefensa tana jiƙa masa leɓe. Ya rasu da hantsi, aka yi masa sutura kafin azahar, a maƙabartar da mahaifinsa yake. Gero ya riga ya fito, yana kai tsawon yatsa.

Na zauna har addu'ar bakwai, sannan dole in koma aiki. Na shiga yi wa mahaifiyata sallama a ɗakin da aka ba ta, a bayan gidan ƙanen mahaifina. Tana zaune a kan tabarma cikin tufafi marasa ado, ba ɗan kunne, ba kwalli. An kawo mata tuwon dawa, ta ci kaɗan ta rufe. Matan gidan suna da kirki, ta ce, sai dai suna dariyar Hausarta, jiya ta ce a miƙo mata seyo, babu wadda ta gane bokiti take nufi. Ta lissafa min abin da zan aiko mata: busasshen acheke, maganin hawan jininta, tabaraunta na karatu da ta manta a kan taga. Ta ce in gaida maƙwabta, in ce su yafe mata ba ta yi musu sallama yadda ya kamata ba.

Na durƙusa na ce zan tafi.

"Har yanzu ban ce ka yi daidai ba," ta ce.

"Na sani, Inna."

"Wata ɗaya na roƙe ka."

"Na sani."

A waje direba ya yi ham sau ɗaya.

"Ranar da zan fita daga takaba, kai za ka zo ka ɗauke ni. Kada ka aiko kowa."

Na ce in Allah ya yarda. Ta sa min albarka a taƙaice. Ba ta iya raka ni ko zaure ba, don haka daga bakin ɗakin muka rabu, na ɗauki jakata na fita wajen mota.